Sawu a Cikin Sitaci

Gaskiyar da za ta rushe wa mutum rumfa a ka, alhali dominsa aka nemo ta, dole ne a faɗe ta? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya kamar tsohuwar riga da ake neman inda ba faci, ban sami amsa ba. Tsofaffin littattafai nake sayarwa a bakin titi, duk wanda bai sayu ba kuma karanta shi nake yi, wato na karanta kusan duka. Babu wanda ya taimake ni. Abin da zan iya kawai shi ne in faɗi yadda aka yi.

Yayata tana da shagon wanki da guga. In na ce tana da shi ma na ƙara gishiri. Injunan wanki biyu na kamfani ne, allon suna na kamfani ne, launin rigar aiki ma kamfani ya zaɓa. Nata shi ne gumi da ciwon baya. Ranar sa hannu ni na karanta mata yarjejeniyar, domin a gidanmu ni ne Malam Karatu. Shafi goma sha biyu. Na ce mata babu matsala.

Ga yadda babu matsalar take. Kowane mako tana biyan kason suna, wato kuɗin amfani da sunan kamfani. Kafin ta biya, kamfani zai rubuto mata takardar lissafi, ta biya kuɗin rubuta takardar. Sai a turo mutum ya karɓa, ta biya kuɗin zuwa karɓa. In kuɗin bai cika ba, sai a rubuto sabuwar takarda a sanar da ita bai cika ba, ita ma da nata kuɗin.

"Ban taɓa ganin inda ake biyan mutum ladan tuna maka yana bin ka bashi ba," in ji Yaya, "sai a wurin mutanenka."

Tun ranar sa hannu suka zama mutanena.

Kuɗin a cikin wani akwatin ƙarfe take zubawa, mai tsaga a ka, an ɗaure shi da noti huɗu a bangon filin shanya da ke bayan shago. Makullinsa da wani na ƙofar shago suna hannun mai karɓa, wani dogon mutum mara fara'a da duk layin ke kira Mai Jaka. Duk Talata yake zuwa. Dokar kuwa ita ce: in aka yi sau uku a jere kuɗi bai cika ba, kamfani ya kwance allonsa ya kwashe injunansa. Babban inji ya yi wata guda a lalace. An riga an yi sau biyu.

Ranar Litinin da safe, washegarin ranar hutu, Yaya ta buɗe ƙofar baya ta tarar da ramuka huɗu a bango.

Kafin in iso layin ya cika. Yaya tana tsaye ta riƙe ƙugu, tana faɗa wa duk mai kunne cewa akwatin a cike yake maƙil. Mai Aski, wanda shagonsa ke jingine da nata, yana cewa shi dama tun da ya ga sabon agogo a hannun Mai Guga jikinsa ya ba shi. Mai Guga, magidanci mai 'ya'ya biyar da ya shekara shida yana yi wa Yaya aiki, yana cewa katangar da ke tsakaninsu da Mai Aski ko akuya mai ciki za ta tsallake ta. Wata mata ta ce a tambayi Mai Jaka.

"Tsaya," na ce. "Mai makullin akwati ba ya satar akwati. Wannan ko a littafi haka yake."

Kowa ya gyaɗa kai. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

*

Ni na tafi na ɗauko Baba Mai Sawu. Da can shanun da aka sace yake bi a daji, har aka ce yana iya gane saniya mai ciki daga sawunta. Da ƙafa ta gaji sai ya dawo gari yana gadin wani sito da rana. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba.

"Siminti," ya ce da muka iso, kamar wanda aka miƙa wa abinci ba gishiri. "Siminti ba ya riƙe amana."

Sai ya leƙa filin shanya, fuskarsa ta washe. Ashe ranar Asabar da yamma Mai Guga ya yi tuntuɓe da bokitin sitaci, ya malale rabin filin, ya ce sai Litinin zai wanke. Wurin a inuwa yake. Sitacin ya kwana da danshi, duk wanda ya taka ya bar shaida, sannan ya bushe ya yi fari.

Yaya ta ɗauko tsintsiya don ta gyara wurin saboda baƙo. Tsohon nan ya daka tsawar da ta sa Mai Aski ya yar da cebur ɗin gashin da ke hannunsa.

"Ajiye! Ajiye, 'yata! Wanda ya share sawu ɗan'uwan ɓarawo ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa share sawu ba, ban taɓa cewa ya ɓace mini ba. Wanda na bi, sai na kira sunansa. Ladana ma ba na karɓa sai na kira."

Ya sa aka kwaso robobin wanki aka kife a kan sawayen da yake so. Wuri guda, kamar taku uku daga bangon, ya ce a kife babban daron ƙarfe. Filin ya koma kamar an yi shukar robobi.

"To ina zan yi shanya, Baba?"

"A kanki."

Ya tsuguna ya daɗe, ya miƙe ya ce mutum uku ne suka shigo ranar hutu. Ɗaya ta katanga, biyu ta ƙofa. Na ukun shi ne ya nufi akwati, sanye da silifar banɗaki, irin wadda rabin duniya ke sawa. Ya kwance notin, ya jera su a kan taga.

"Ga abin da ya ɗaure mini kai," ya ce yana nuna daron. "Da ya gama, ya ja da baya taku uku, ya haɗa ƙafafunsa ya tsaya. Ɓarawo ba ya tsayawa kallon aikinsa."

"Addu'a ya yi," in ji Mai Aski.

"Kai fa, da ka sauko daga katanga, addu'ar me ka yi?"

*

A shagon Mai Aski aka yi maganar, Baba yana zaune a kujerar aski yana juyawa hagu da dama kamar an ba shi sarauta.

"Ni? Katanga? Baba, da girmana?"

"Da girmanka da tafin ƙafarka shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Ka sauko da sanɗa, ka je igiyar shanya, ka koma. Da yamma ka sake dawowa."

Mai Aski ya dubi silin, ya dubi madubi, ya ga ko'ina shi ne. Ya sauke murya.

"Tawul ne."

"Me?"

"Tawul ɗin aski nake shanyawa a igiyarta ranar hutu. Igiya tana zaune ba aiki, rana kuma ta Allah ce."

"Shekara nawa?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Maƙwabciya, ai zumunci…"

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

"Shi ya sa duk Litinin farin kayan mutane ke fitowa da gashi! Na yi ta zagin kyanwar mai gida a banza."

Na tambaye shi ko ya ga akwatin. Ya ce da safe yana nan, ya rantse har da ƙwanƙwasa shi ya yi, don sha'awa kawai. Da yamma bai lura ba, hankalinsa yana kan katanga.

"Da ka ƙwanƙwasa, ya ya yi ƙara?" in ji Baba.

"Kamar ganga."

Yaya ta ce tana da aiki, ta juya ta tafi. Ban kawo komai a raina ba.

Mai Guga bai ba mu wahala ba. Baba ya ce masa sawunsa ya shiga ta ƙofa, ya wuce ɗakin guga, ya fito sau bakwai yana kai kaya yana ɗaukowa, da takun mai jin daɗi. Mutumin ya zauna a kan tulin zannuwan gado ya fara share gumi da rigar wani.

"Uwar ɗaki, ki yafe mini. Kayan 'yan unguwarmu nake kawowa in goge ranar hutu. Kaɗan ne."

"Da dutsen gugana."

"E."

"Da wutata."

"Wutar ai ta kamfanin wuta ce."

"Agogon nan na hannunka ashe ni na saya!"

Ya ce da hantsi ya tafi, ya kulle ƙofa, akwati yana nan. Baba ya dubi ƙafafunsa ya ce gaskiya ya faɗa, domin shi takunsa a buɗe yake kamar na agwagwa, mai silifa kuwa a miƙe yake tafiya.

A hanyar gida na yi ta tunani. Mun fita neman ɓarawo ɗaya, mun kama biyu da ba mu nema ba, kowannensu kuma da hujjar da shi kansa ya gaskata. Na fara zargin cewa in aka malala sitaci a ƙofar kowane mutum, ba za a sami mai zuwa shaida ba.

*

Talata da hantsi Mai Jaka ya zo, da jakarsa da takalminsa baƙi mai sheƙi. Layin ya yi tsit irin wanda ake yi wa mai kawo takardar sammaci. Ya gai da Yaya ba tare da ya dube ta ba, ya ratsa tsakanin robobi ya tsaya gaban ramukan.

"Babu akwati," ya ce.

"Idonka ƙalau," in ji Yaya.

Kamfani ya sa musu doka, duk inda suka je sai sun ɗauki hoton akwati a waya, shaidar sun zo, domin da hoton ake cajin kuɗin zuwa. Ya fiddo waya, ya ja da baya, sai ƙwarangwam! Dunduniyarsa ta daki daron ƙarfe. Mai Aski da ke leƙe ta katanga ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Baba Mai Sawu, wanda ke zaune a kan bokiti, bai yi dariya ba. Gyara zama ya yi.

"Gobe da la'asar zan miƙa rahoto," in ji Mai Jaka. "In har lokacin ba a yi wani abu ba, babu akwati daidai yake da akwatin da bai cika ba. Na uku ke nan."

"Kuma yau ma akwai kuɗin zuwa?"

"Akwai."

"Ka zo ka kalli rami, in biya ka?"

"Ba ni ake biya ba." Ya juyo wurina. "Kai ne ka karanta mata yarjejeniyar ko? Ka karanta shafi na tara?"

"Sau uku," na ce.

Ya dube ni wani irin kallo. Ya kai bakin ƙofa ya sake juyowa.

"Na tara fa. Wanda ke bayan na takwas."

"Na san inda tara take, malam. Ba a makaranta na koya ba, amma na sani."

Ya fita yana girgiza kai. Na ce a raina, dubi raini.

A nan dole in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba. Shafi na ɗaya zuwa na takwas da manyan haruffa aka buga su. Daga na tara rubutun ya koma kamar tururuwa ta bi ta kan tawada. Idona kuwa tun kafin ranar sa hannu yake gudun ƙananan haruffa. Yaya tana da kwando inda take tara abin da mutane suka manta a aljihu, a ciki har da wani tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Ta sha miƙo mini shi. Nakan ce tabarau na tsofaffi ne da masu son a ce sun yi boko. Ranar sa hannu na kalli shafi na tara na tsawon lokacin da ya dace da mai ilimi, na juya.

*

Da yamma na tarar da Yaya ita kaɗai tana ninke kaya. Ta ninke riga ɗaya sau uku.

"Auta, zauna."

In ta ce Auta maimakon Malam Karatu, magana ce.

"Akwatin nan bai cika ba. Ko rabi bai kai ba."

"Amma kin ce maƙil!"

"Na ce. Da na ga ramukan nan, wallahi abin da ya fara zuwa raina ba baƙin ciki ba ne. Cewa na yi, in aka kama ɓarawon, abin da na ce akwai a ciki shi zai biya. Wa zai gaskata ɓarawo?"

"Yaya, wannan ai sata ce."

"Daga ɓarawo."

"Ko daga ɓarawo."

"To ka buɗe littafinka ka nemo mini inda zan sami ciko kafin gobe da la'asar." Ta ajiye rigar. "Shekara shida, Auta. Da injin nan na aurar da 'yar marigayi mijina, da shi nake biyan makarantar sauran. In suka kwance allon nan, ni wace ce? Mata mai igiya da tsintsiya."

Na yi lissafin a raina. In ba a ga akwati ba, shago ya tafi. In an gan shi aka buɗe, shago ya tafi. Hanya ɗaya ta rage, ita ce a ɗora wa wani ƙarya a kan laifinsa na gaskiya. Ni kuma da ƙafata na je na ɗauko mutumin da bai taɓa kuskure ba.

*

Laraba bayan azahar Baba ya ce a tara kowa a filin shanya. Mai Aski ya shigo ta ƙofa, karo na farko a shekara huɗu. Mai Guga ya cire agogonsa ya sa a aljihu. Mai Jaka ya tsaya a gefe rungume da jakarsa, yana duban lokaci a waya. 'Yan layi suka cika ƙofa.

"Na san wanda ya ɗauki akwati," in ji Baba. "Tun jiya na sani."

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Amma akwai sawun da ba na iya bi, shi ne na takarda. A daji, in ka ga dabba tana komawa gindin bishiya ɗaya, ta ajiye wani abu a wurin. Wannan bawan Allah," ya nuna Mai Jaka da haɓa, "jiya sau biyu ya koma kan shafi na tara."

"Da safen nan ma na aika masa saƙo a waya," in ji Mai Jaka yana kallon ƙasa.

Ya aiko. Shi ma da ƙananan haruffa.

"Sau uku ke nan," in ji Baba, ya juyo wurina. "Mai littafi, me ke cikin shafin?"

"Bayani ne," na ce. "Na gaba ɗaya. A kan al'amura."

"Waɗanne al'amura?" in ji Yaya a hankali.

Ta shiga shago ta fito da yarjejeniyar a hannu ɗaya, tabarau mai ƙafa ɗaya a ɗayan. Ta miƙo su a gaban duk layin, har da masu saya mini littafi.

Na sa. Na rataya zaren a kunne. Duniya ta matso kusa, tururuwar nan ta jeru ta zama magana. Na karanta da ƙarfi:

"Idan aka ɗauke akwatin kamfani ba da sanin mai reshe ba, kuma mai reshe ya sanar a rubuce cikin kwana uku, za a ɗaga masa ƙafa na wata guda. A cikin watan ba za a caji kuɗin rubuta lissafi ko kuɗin zuwa karɓa ba, ba kuma za a lissafa makon a cikin gazawa ba."

Na ɗaga kai daga takardar.

"Wata guda," in ji Yaya. "Wata guda ya ishe ni in gyara inji in cike komai." Ta juyo kaina. "Sau uku ka karanta, ko?"

"Yaya…"

"Malam Karatu! Kwana uku ina zubar da hawaye a kan rigunan mutane, magani yana cikin durowa!"

"Akwai saura," in ji Mai Jaka. "Layi na ƙarshe."

Na karanta: "Idan ta tabbata da hannun ma'aikacin reshe ko ma'aikacin kamfani a ciki, za a ɗauka haɗin baki ne. Wannan sassauci ya faɗi, yarjejeniya ta warware, a miƙa mai laifi ga hukuma."

Mai Guga ya fara rantsuwa da kabarin kakansa, aka ce ya yi shiru.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Sai ya tashi, ya ɗaga daron ƙarfe ya ajiye a gefe. A ƙarƙashinsa ga sawun silifa biyu a haɗe, fari tas.

"Mai Jaka, ɗana, ɗauki hotonka na yau mana. Kada kamfani ya ce ba ka zo ba."

Mai Jaka ya je gaban bango. Ya fiddo waya. Ya ja da baya, ɗaya, biyu, uku, ya haɗa ƙafa ya tsaya. Duk jama'a ramukan bango suke kallo, kamar za su canza. Ni kuwa, da sabon idona, ƙasa na kalla. Baƙin takalminsa ya zauna a kan farin sawun nan kamar murfi a kan tukunyarsa.

Takalmi ake canzawa, ba a canza tafiya. Shekara goma sha ɗaya yana ja da baya taku uku a gaban kowane akwati. Ranar hutu, da akwati a hammata, ƙafarsa ta yi aikinta kafin kansa ya tuna ba aiki ya zo ba. Shi ne yake jin ƙarar akwatin nan duk mako, shi ne ya ga inji a kwance, shi kaɗai ne kuma a cikinmu ya taɓa karanta shafi na tara. Ya ɗauke akwatin don kada ya buɗe shi. Ya zauna yana jiran mu rubuta layi biyu, mu kuma muka ɗauko masa mai bin sawu.

Na ɗaga kai na ga Yaya ma ƙasa take kallo. Mutumin da jiya ta yi wa gorin zuwa kallon rami yana tsaye, wayar a hannunsa. Ya lura da inda ya taka. Bai motsa ba.

"Auta," in ji Yaya, muryarta ta canza, "rubuta. An ɗauke akwati ranar hutu, ba da sanina ba. Akwai ƙarya a ciki?"

Na juya maganar ta kowane gefe. Babu. Na rubuta, ta sa hannu, ta miƙa wa Mai Jaka.

"Nawa ne kuɗin karɓar wannan?"

"Ita kaɗai ce ba a caja a duk yarjejeniyar." Ya buga mata hatimi, ya saka a jaka. Ya yi gyaran murya. "A abin da na sani na aiki, irin waɗannan akwatunan sau da yawa bayan wata guda ake tsintar su. Ba a taɓa ko sisi ba."

"Allah ya shirya ɓarawon," in ji Yaya.

"Amin," ya ce.

"To duk mun ji," in ji Mai Aski, "amma ba a kira suna ba. An tona mini asirin tawul a gaban duniya, an tona wa wannan na wuta. Baba, ka ce ka sani. Shekara arba'in ba ka taɓa fasa kira ba. Wane ne?"

Jama'a suka ɗauka: "A faɗa! A faɗa!"

Tsohon ya dubi Mai Jaka, wanda har yanzu bai ɗaga ƙafa ba. Ya dubi allon suna da ake hangowa ta saman rufi. Ya dubi Yaya. Na san abin da yake aunawa, domin ladansa yana cikin sunan, kuma ba ladan ne ya fi damunsa ba. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da shanu, abin da ya tara a duniya shi ne a ce bai taɓa ɓatar da sawu ba.

"Siminti ne," ya ce. "Na faɗa muku tun farko, ba ya riƙe amana. Sawun ya ɓace mini."

"Amma yanzu ka ce…"

"Tsufa ne. Kai ma yana tafe, har da tawul ɗinka." Ya miƙa hannu ba tare da ya juya ba. "'Yata, ba ni tsintsiyar nan. Wuri ya yi datti, ga kayan mutane ba a shanya ba."

Yaya ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ɗaga ƙafarka, ɗana," ya ce da Mai Jaka.

Ya sunkuya, daga nan ya fara shara.